Muryata Ta Riga Ni Zuwa Tamaske

Sallama gare ku, 'yan uwana masu bibiyata. Masu zagina a ƙasan rubutu ma ina gaishe ku, yau dai ku ɗan sassauta mini, don harshena a kumbure yake.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Jaratu, a Madawa nake, bayan tashar kabu-kabu. Babana manomin albasa ne. Ina da farfaɗiya. To, na faɗa, wanda zai tofar da yawu ya tofar. Tun ina koleji ta fara kayar da ni, rana ɗaya ta tura ni bakin murhu, shi ya sa ba za ku taɓa ganina da riga mai gajeren hannu ba. Duk wanda ya tambaya, Inna cewa take yi man tuya ne ya fallatsar mini. Ina shan ƙwayata safe da yamma, kuma kafin yau na daɗe rabona da faɗuwa, har na fara mantawa da yadda ƙasa take a kumatu.

Sai ga Mahfuzu. Ɗan Tamaske ne, can ƙasar Adar, yana biɗa, wato ci-rani, a Abijan kamar rabin samarin garinsu, sai damina yake dawowa ya taya tsohonsa noma. Dogo ne, baƙi, ga wushirya, in ya yi dariya har kafaɗunsa rawa suke yi. A wurin bikin wata ƙawata ya gan ni, ya aiko a ce mini wai mai ɗankwali ruwan goro ta taka masa ƙafa, yana biɗar diyya. Ban taka shi ba wallahi, ko kusa da shi ban bi ba. Amma na ba da lambata.

Ban san sau nawa na buɗe baki zan gaya masa ba. Ranar da na yi wa Inna zancen, tana tankaɗen gari, ta ajiye rariya ta dube ni sama da ƙasa.

"Ki hwaɗa mishi mi?"

"Gaskiya, Inna. Gara ya ji daga bakina."

"Bakin naki ya tsage! Ke kin san mutanen Adar? In sunka ji, ko kwanon da kinka sha ruwa ba su ƙara taɓawa. Ƙannenki mata fa, wa za shi ɗauke su? A ɗaura tukuna. Bayan an ɗaura, in ya gani, ki ce iska ta."

"Inna, ha'inci ne."

Sai ta dafe ƙirjinta da hannu duk gari. "In kinka buɗe baki kahin a shafa fatiha, ban yahe miki nonon da kinka sha ba."

Ku da kuke da uwa kun san abin da wannan kalma take nufi. Na koma ɗaki na yi ta kuka har idona ya yi luhu-luhu.

Wuri ɗaya kawai nake da shi da nake sauke kayan da ke kaina. Akwai wata malamar gidan likita, Tanti Rahama, mace mai jiki da faɗa da tausayi, ita ke ba mu magani. Ita ta buɗe mana wani rufaffen shafi a Fesbuk, ta sa masa suna Inuwar 'Yan Uwa, na masu ciwon da iyayen yara masu ciwon, daga Madawa har Buza da Keita. Kowa da sunan aro. Ni Ɗiyar Dutsi nake. Sai ka ga dama kake shiga, ka karanta, ka rubuta, ka fito ka goge sawunka. Sabon shiga yana iya komawa baya ya karanta duk abin da aka taɓa tattaunawa, na haihuwa, na azumi da magani, na yadda ake kwantar da mutum a gefensa ba a cusa masa cokali a baki ba. Can na fara sanin ba ni kaɗai Allah ya jarraba ba.

Rigima ta taso ne saboda Kulu, wata baiwar Allah daga ƙauyen Buza, can cikin duwatsu inda sai an hau tudu ake samun rezo, wato sabis ɗin waya. Ba ta yi lakwal ba, ba ta iya rubutu ba, ɗiyar maƙwabta ke rubuta mata. Maganin ɗanta ya ƙare, wani ya ba ta wata ƙwaya daban a kasuwa, ta sa aka tambaya a shafi ko ta ba shi. Babu wanda ya leƙa da wuri. Ko da Tanti ta gani ta amsa, yarinyar mai rubutu ta tafi Tawa. Kulu ta ba yaron ƙwayar, ya kwana biyu bai san inda kansa yake ba. Allah ya yi da sauran kwana.

Tanti ta hau sama. Ta ce shafin nan rijiya ne, sai mai ƙafa da guga yake sha, ita kuwa ga-ruwa take so, wanda zai kai ruwa har ƙofar ɗaki. Ta kawo shawara a koma Watsap. Ba gungun da kowa ke ganin lambar kowa ba, a'a. Duk mai magana ya aiko mata vokal, wato saƙon murya, ita kuma ta watsa wa kowa a wayarsa. Da rezo ya taɓa waya, saƙo ya shigo da kansa, mai karatu da marar karatu duk su ji.

Aka rabu biyu. 'Yan boko irina muka ce a bar mu a shafi. Matan ƙauye suka aiko a ce mana mun cika son kai, forfensu, wato 'yar datar da suke iya saye, ba ya ɗaukar Fesbuk, kuma su ba su ga amfanin inuwar da sai mai takarda ke zama cikinta ba. Gaskiyarsu ce, na sani. Amma ni na rubuta dogon rubutu da zafi. Na ce ga-ruwa yana shiga gida, kuma ga-ruwa yana da ido. Wace ce a cikinmu ke da wayarta ita kaɗai? Miji ya ɗauka, yara su ɗauka su kalli fim, a kai ta shagon caji ta yini a hannun ƙattai.

Da na je karɓar magani, Tanti ta tsare ni a ofis.

"Ɗiyar Dutsi, na karanta. Kin iya tsara zance."

"To a bar mu inda muke, Tanti."

"Waɗanda kike gardama da su ba su karanta ba, ɗiyata. Adalci ne a yanke magana ba su ji hujjarki ba? Na riga na tara lambobi, na shafi da na masu zuwa karɓar ƙwaya, za mu gwada. Ki yi mini vokal, ki hwaɗi abin da kinka rubuta da bakinki, in watsa musu. Ba suna, ba lamba. In sunka yarda da ke, shi ke nan, mun tsaya."

Jama'a, ku dube ni da kyau. Ni mai cewa murya haɗari ce, ni na koma bayan gida, gindin rudu, rumbun albasar Baba, na danna waya na fara magana. Na yi niyyar gajartawa. Amma kun san ni da baki, in na fara ba birki. Na ce ina da mai sona, ɗan biɗa ne, bai sani ba. Na ce uwata ta ɗaure ni da rantsuwa. Na ce ana shirin kawo mini valiz, wato kayan lefe, in saƙo irin wannan ya shigo wayata tana hannun danginsa, na mutu na lalace. Har kuka ya ƙwace mini a ƙarshe. Ban kira sunan kowa ba, ban kira gari ba. Na aika, ina jin kaina kamar wata lauya.

Kun san abin haushi? Kukan nawa ne ya kayar da ni. Matan ƙauye suka yi ta aiko vokal suna cewa tunda suke ba su taɓa jin wata ta faɗi abin da ke ransu haka ba, a ci gaba da murya don Allah. Kulu ma ta aiko tana sa mini albarka. Aka bar shafi, aka koma Watsap. Ni dai na kashe ƙarar wayata, na sa mata lambar sirri, na ce Allah ya tsare.

Yau ce ranar kawo valiz, tun safe gidanmu ya cika. An share tsakar gida an yayyafa ruwa, an shimfiɗa manyan tabarmi ƙarƙashin itacen bedi, an yanka zabi, an dama fura da nonon Fulani mai kauri. Tun jiya da yamma Inna ta shigo ɗakina ta ɗaga katifa, ta kwashe kwalin maganina ta ƙulle a bakin zane.

"Baƙi za su shiga ko'ina. In sunka tahi in ba ki."

"Inna, na yamma fa? Na safe fa?"

"Kwana guda ba shi kashe ki."

Na sa shadda ruwan zuma mai dogon hannu, da aiki a wuya, na yafa farin mayafi, ƙunshi ya kama ja wur har idon sawu. Bayan azahar mota ta tsaya, guɗa ta tashi. Mata ne cike daga Tamaske, jagorarsu Yaya Hindatu, wadda Mahfuzu ke bi. Doguwa ce kamarsa, amma ita ba ta da dariyarsa, fuskarta a gajiye take ko da ta yi kwalliya. Aka buɗe akwatuna ana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya: shaddoji, atamfofin Abijan masu nauyi, leshi, takalma da jakunkunansu, turare har da wanda ban iya kiran sunansa ba. Gwaggonnina sai "Masha Allahu" suke yi, Inna baki har kunne.

Aka ce amarya ta zo ta gaida iyaye. Na fito na durƙusa, kai a ƙasa.

"Sannunku da zuwa. Kun sha hanya. Yaya mutanen gida?"

Iyakar abin da na ce ke nan. Yaya Hindatu tana riƙe da ludayin fura, sai ta tsaya cak, ba ta kai shi baki ba. Ni muryata tana da ɗan kaushi, kuma akwai haruffan da nake ja, saboda cizon da harshena ya sha. Ta ce, "Ɗago, ƙanwata. Mi kinka ce?" Na maimaita. Ta daɗe tana kallona, sannan idonta ya sauka kan dogon hannun rigata.

Da aka kira la'asar ta ce ita a ɗakin amarya za ta yi salla. Na kai mata buta da darduma. Ina juyawa zan fita ta tura ƙofa da ƙafa, ta zaro waya daga cikin rigarta, ta rage ƙara, ta kara mini a kunne. Sai na ji kaina ina kuka a gindin rudun albasa.

"Muryar wa ta?"

Na zauna bakin gado.

"Ke ta. Kada ki wahalshe ni. Na saurare ta har na hardace."

"Yaya... ina kinka same ta?"

Ta zauna kan darduma ta rungume gwiwoyinta. "Ɗiyata Saude. Shekararta bakwai. Ko ubanta bai sani ba, shina Libiya. Nan Madawa nike zuwa amsar magani don kada a gan ni a gidan likitan Keita da ke kusa da mu. Cikin tukunyar daddawa nike ɓoye shi."

Wallahi a lokacin wani sanyi na ji ya ratsa ni. Na ce Allah ya kawo mini 'yar uwa har cikin gidan miji. Na sauko ƙasa na kama hannunta.

"To ai kin san komi, Yaya. Kin san ba a ɗauka. Kin san da magani ana zama lahiya."

Ta zare hannunta a hankali. "Don na sani ne, Jaratu. Da ban sani ba, da da sauƙi. Ni ba ni zuwa rijiya da kwanciyar rai. Ba ni barin wuta a murhu in shiga wanka. Ko yau da nike nan, rabin raina shina Tamaske. Ranar da nij ji vokal ɗin nan na yi kuka, na yi ma mai ita addu'a, na ce Allah ya sa yaron ya riƙe ta. Ban san ƙanena na ba."

"Shi bai san da ciwon Saude ba?"

"Shi kaɗai ya sani. Shi ka aiko da na magani. Damanar bara ta hwaɗi gabanshi, ya ɗauke ta shina rawa, ya kwana biyu bai ci tuwo ba. Na ji shi da kunnena shina cewa, Allah kada ka nuna mini wannan cikin ɗakina."

Daga waje ina jin ana ta shewa, wata gwaggota tana yi wa mutanen Tamaske ba'a wai sun kawo takalma kamar amarya ƙafa huɗu gare ta.

"Ba ni tona ki gaban mata," in ji Yaya Hindatu. "In na tona ki na tona ɗiyata. Kuma ban ce kada ya aure ki ba, ba ni da wannan iko. Amma ba a rufe mishi ido ina kallo. Jibi maza za su zo sa rana. Kahin nan ki hwaɗa mishi da bakinki. In ba ki yi ba, yatsa guda ne, in tura mishi wannan."

"Inna ta rantse, Yaya. Ta ce ba ta yahe mini ba."

"Na ji, ai kin hwaɗi a ciki." Ta miƙe ta gyara mayafi ta fuskanci gabas. "Uwarki tana kare ɗiyarta. Ni ma nawa nike karewa."

Ta tayar da salla ta bar ni durƙushe. Ko haushinta na kasa ji, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Suna tafiya na kira Tanti Rahama, ina magana ƙasa-ƙasa. Na ce don girman Allah ta goge vokal ɗina. Ta yi salati ta sake yi.

"Ɗiyata, da a shafi ne, yanzun nan in cire shi, ba mai ƙara gani. Wannan ya shiga wayoyin mutane, ya zama nasu. Ko na goge nawa, nata shina nan."

"Tanti, ke kinka ce ba suna ba lamba."

"Na ce. Ban yi tunanin murya ba. Ki yahe mini."

Kulu da ɗanta suna amfana, jiya ma na ji an amsa wa wata tambayarta kafin ta sauko daga tudu. Ba wanda ya yi mugunta a cikin maganar nan, amma ga ni a tsaka mai wuya.

Rana ta yi ja, ana ta kwashe kwanuka a tsakar gida. Na zauna tsakanin akwatuna, ɗakin duk ƙamshin sabon zane. Saƙon Mahfuzu ya shigo: "Amaryata, kaya sun yi? Wanne kinka fi so? Ruwan goron nan ni na zaɓa da kaina." Har da hoton zuciya guda uku.

Na ce bari in gwada faɗa kawai, in ji yadda zai fito, ba sai na aika ba. Kun san yadda abin yake: ka danne da babban yatsa kana magana, in ka ja gefe ya goge, in ka saki ya tafi. Na danne. Na ce, "Mahfuzu, akwai abin da ban gaya maka ba." Na faɗi sunan ciwon. Na faɗi murhu da tabon hannuna. Na ce in ya fasa ba zan riƙe shi a rai ba, ƙarya nake yi, amma na faɗa. Na gama, yatsana yana nan a danne. In saki, in rasa albarkar uwata. In goge, ya ji daga hannun yayarsa, ya ce na ha'ince shi.

Labule ya ɗaga. Inna ce, da ƙullin maganina a hannu.

"Ungo, sun tahi. Da wa kike magana?"

Wani wari ya bugi hancina, warin ƙonannen gashi, wanda ni kaɗai nake ji, kuma duk lokacin da na ji shi na san saura ƙiris. Na ce a raina, ja gefe, Jaratu, ja gefe. Ina kallon yatsan, na aika masa umarni, ya ƙi ji. Abin da na iya tunawa na ƙarshe shi ne ƙullin magani yana faɗuwa daga hannun Inna.

Na farfaɗo kaina bisa cinyarta, bakina duk jini, shaddar ta jiƙe. An riga an yi magariba. Inna tana shafa goshina tana kuka marar sauti, tana cewa, "Ni na ja miki, ɗiyata, ni na ɓoye shi." Ta rufe ƙofa da sakata don kada sauran baƙi su gani.

"Inna, wayata."

"Bar waya, ki huta."

"Don Allah, Inna."

Ta lalubo ta ƙarƙashin akwati ta miƙo mini. Gilashin ya tsage. Vokal ɗin ya tafi, dukansa, har da muryar Inna tana tambaya, har da ƙarar da ke fita daga maƙogwarona in zan faɗi, wadda ni kaina ban taɓa ji ba sai yau. Alamar da ke gefensa ta koma shuɗiya. Ya saurara.

Inna ba ta karatu, fuskata take karantawa. "Mi yaf faru? Jaratu, mi kinka yi?"

Idona yana ƙarƙashin sunan Mahfuzu. Waya ta nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya daɗe, ya sake tsayawa. Sannan ya sauka daga layi.

Har yanzu da nake rubuta muku wannan, bai hau ba.